Takardar da Inna Ta Tsinta

Na san ban kai shekarun masu rubuta tarihinsu ba. Su sai sun yi furfura sun aurar da 'ya'ya sannan su gyara zama su ce za su ba da labari. Ni ba ni da wannan haƙurin. Makon jiya a wajen suna na ji wata gwaggonku tana faɗa wa mutane, ina zaune, wai ni na zagi kakanku a rubuce, shi kuma don dattako ya yafe. Wata ta karɓe ta ce a'a, ai ni ce na shiryar da shi. Duk biyun ba haka aka yi ba. Ke Nana shekararki bakwai, kai Abba ko magana ba ka gama iyawa ba, kafin ku yi wayo an gama zuba wa labarin gishiri. To ga shi daga bakin mai shi.

Ni 'yar Dayi ce. Na gama sakandare da sakamakon da ba a yi guɗa ba, ba a kuma yi kuka ba, aka yi mini aure na tare a Dandume, a babban gidan kakanku Alhaji. Sana'arsa kun sani: ya sayi masara da wake da kaka, ya zuba a sito, sai sun yi daraja ya fitar. Shekara biyu na yi a gidan, maganar da ta taɓa haɗa ni da shi ba ta wuce gaisuwa ba. Kullum da safe in durƙusa daga nesa da ƙofar turakarsa, kaina a ƙasa, in ce Baba ina kwana, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, in tashi. Ɗakinsa ban taɓa taka shi ba. Sunansa ban taɓa faɗa ba, yanzu ma ba zan rubuta ba. Haka ake yi da suruki, ni ma da duk bakina haka na yi.

Nana tana goye aka yi sanarwar wani kwas na wata shida a Funtua, Asabar da Lahadi, na koya wa mata aikin taimaka wa malaman gona, su riƙa shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Na dami babanku har ya kai maganar gaba. Ƙannen Alhaji suka ce matar gidan nan ba za ta riƙa hawa babur zuwa Funtua duk mako ba, sai ka ce 'yar talla. Alhaji ya bari suka gama, ya ce ta je. Amma ya ɗora sharaɗi, babanku ya kawo mini shi yadda aka faɗa: ranar da ya ga abin da bai yi masa ba, an daina, kuma kar a tambaye shi dalili.

A cikin malamanmu akwai Malama Rifkatu, Bahaushiya Kirista 'yar Malumfashi, gajera, ba ta rabo da jan biro. Duk Lahadi sai ta raba mana takardar karatu, shafi uku ko huɗu, ta ce kowa ta je ta karanta, ta rubuto shafi ɗaya kan abin da ta ji a ranta. Da Hausa ko da Turanci, duk wanda ya fi zo miki. Ni kuwa abin da sakandare ta koya mini shi ne a ba ka abu ka haddace, ka mayar wa malami kayansa ba tare da ka taɓa ba. Don haka makon farko na zauna na kwafe mata manyan maganganun takardar da rubutu mai kyau, har da ja musu layi. Ta dawo mini da ita, ta rubuta a ƙasa:

"Na san abin da takardar ta ce, ai ni na raba ta. Ke me kika ce?"

Abin ya ba ni haushi. Na ce wannan matar ba ta san wadda ta tsokano ba. Mako na biyu takardar kan kiwon kaji ce, na rubuta mata cewa wanda ya tsara ɗakin kajin nan bai taɓa zama gidan da mutum goma sha ke raba tsakar gida ɗaya ba, in na gina shi sai dai Inna, kakarku, ta koma girki a kan katanga. Mako na uku na ce takardar takin zamani sau biyu tana sa ni gyangyaɗi, amma shafin ƙarshe ya yi, don ya tuna mini yadda babana a Dayi yake tona rami gindin kowace masara ya binne taki, ana yi masa dariya. Ina jira a kore ni, sai na ga ana karanta nawa a gaban aji. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗi. Tun da nake, bakina faɗa kawai yake jawo mini. Ranar farko ke nan da wani ya ce in ƙara.

Mako na bakwai aka ba mu takarda kan ajiyar wake. A ciki an ce manoma da 'yan kasuwa suna zuba maganin feshi a buhun wake saboda jahilci, ba su san yana cutar da mai ci ba, don haka aikinmu shi ne mu wayar musu da kai. Na karanta wurin nan sau uku ina tsaki. Don ni na san yadda ake yi a gidanmu. Waken da za mu ci, Inna ke shanya shi ya bushe ƙarau, a gauraya da toka da barkono, a ɗura a jarka a toshe. Waken sito kuwa, wanda za a kai kasuwa, maganin ƙwarin nan fiya-fiya ake yayyafa masa kafin a ɗinke buhu, in ka wuce ta ƙofar sai idonka ya yi yaji. Kuma ba a taɓa ɗebo mana ko mudu ɗaya daga can ba. Na ɗauki biro, na rubuta Bismillah da larabci a saman takarda kamar yadda na saba tun ina Islamiyya, na zuba abin da ke cikina. Na ce wannan ba jahilci ba ne. Na ce wanda ya iya raba na ci da na sayarwa ya san abin da yake yi. Na ce a gidan da nake aure haka ake yi, mai gidan kuma mutum ne mai salla a sahun gaba, don haka in an tura ni wayar da kai ban san kan wa zan wayar ba, tunda nasa a waye yake. Da na kai, na roƙi Malama kar ta karanta wannan a aji. Ba ta karanta ba. Ta dawo mini da ita ranar Lahadi da jan rubutu a gefe: madalla, wannan ita ce tambayar da takardar ta guje wa.

Ranar Talata da hantsi ina wanki a tsakar gida, Inna, kakarku, ta tsaya a kaina tana mita. Ta ce mu 'yan boko ba mu san darajar komai ba. Ta ce jiya ta tsinci takarda a ƙasa kusa da turmi, da sunan Allah a samanta, saura kaɗan akuya ta taka. Inna ba ta karanta boko, amma Bismillah ko daga nesa ta gan ta ta san ta. Ta ce ta karkaɗe ta, ta kai ɗakin Alhaji ta saka a gwangwanin da ake tara irin waɗannan takardu kafin a ƙona su. Ta ce in riƙa kula, ba kullum za a samu mai tsince mini ba.

Na ce to Inna, na gode. Na tsame hannu daga kumfa na shiga ɗaki na zazzage jakata. Zanen goyo, kwalbar man Nana, takardun karatu duk suna nan. Wadda na rubuta ce babu.

Na san abu biyu. Alhaji ya yi ajin yaƙi da jahilci yana saurayi, yana karanta Hausar boko a hankali, da yatsa, amma ba ya tsallake kalma. Kuma ba ya ƙona takarda sai ya duba ta, kar a haɗa da wadda ake bukata. Da babanku ya dawo cin abincin rana na faɗa masa duka, na ce ya yi sauri ya ɗauko mini. Ya tafi ya daɗe. Ya dawo ya zauna bakin gado ya cire hula. Ya ce takardar ba ta cikin gwangwani. Tana kan buzun Alhaji, a ninke, tabarau a kanta.

Daga Talata zuwa Juma'a babu abin da ya faru, shi ne kuwa abin da ya fi cin raina. Na fi son a zage ni a wuce wurin. Kullum in je in durƙusa, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, muryarsa ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Inna ce ta canza. Da alama ya karanta mata, don ranar Laraba ta daina karɓar Nana daga hannuna, in na yi sallama ta amsa wa bango. Da yamma ta faɗa wa tukunya, yadda zan ji, cewa wanda ya ci tuwon gida ya kai asirin gida waje, ko kare ya fi shi, don shi kare a ƙofar gida yake haushinsa. Na haɗiye. A raina kuwa na san tana da tata gaskiyar.

Babanku ya zo da dabara. Ya ce in bari ya je ya ce wa Alhaji ƙirƙira na yi don in burge malama, yara duk haka suke yi, ba gidan nan nake nufi ba. Ya ce Alhaji ba zai yarda a ransa ba, amma zai samu inda zai rataya maganar, kowa ya huta, in ci gaba da zuwa Funtua. Na san don ni yake yi. Na juya abin kwana biyu, don kwas ɗin nan shi ne abu na farko da na samu wanda nawa ne, saura wata huɗu, kuma na san in aka ce an daina babu mai sake tayar da maganar. Amma na ce masa a'a. Na ce ya yarda in ba da haƙuri kan fitar da maganar gida, wannan laifina ne. Amma in ce ƙarya na rubuta, bayan duk wanda ya wuce ta ƙofar sito ya shaƙi gaskiyar, ba zan iya ba. Ya ce taurin kaina zai kai ni Dayi. Na ce ai na san hanya. Ya fita bai ci tuwo ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Alhaji ya aiko babanku ya kira ni, ya ce in zo da takardar karatun da aka ba mu. Na yafa mayafi na je. Yana zaune kan buzu a ƙofar turaka, Inna a gefe kan kujera 'yar tsugune tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago ba, babanku ya rakuɓe jikin bango. Na durƙusa inda na saba. Ya ce in matso, ba ya son ɗaga murya. Ya sa na karanta masa takardar tun daga farko. Da na kai wurin jahilci, ya ɗaga hannu na tsaya. Ya buɗe tawa takardar ya shimfiɗa a gwiwa.

"Ita wannan ta ce ni jahili ne. Ke kin ce a'a, mugu ne. To wanne zan ɗauka?"

"Baba, ban ce mugu ba. Cewa na yi ka sani."

"Ai shi ne."

Ya yi magana mai tsawo, wadda ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ya ce wata shekara ya ajiye wake babu magani, kafin bazara ƙwaro ya mayar da shi gari, ko masu dabbobi sai da ya roƙa suka kwashe. Ya ce mai saye in ya zo, ƙarfe yake sokawa a buhu ya zaro, in ya ga huda ɗaya ya wuce sito na gaba, bai taɓa tambayar me aka zuba ba. Ya ce buhun nan mai leda a ciki da takardar ke yabo ya san shi, ba yau ya fara ganinsa ba, amma ya fi tsada, da kaka kuma ba a samunsa a Dandume sai an je an nemo. Ya ce duk layin situna haka ake yi. Kuma an ce maganin yana hucewa kafin a kai ga sayarwa.

Da na yi shiru a nan da an tashi lafiya. Babanku yana ta yi mini ido. Amma bakina ya riga ni.

"To Baba, in yana hucewa, me ya sa mu ba ma ci?"

Na ce a raina shi ke nan, gobe war haka ina Dayi. Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Can ya ce ai Inna ce ba ta son warinsa.

"A'a, Alhaji, kar ka sa ni a ciki," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Kai ka ce kar a kuskura a ɗebo mana daga sito, tun Sani yana rarrafe."

Sani shi ne babanku. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna motsi. Alhaji ya dubi Inna ya daɗe, ya yi wani tari wanda har yau ban san ko dariya ce ya danne ba. Sannan ya dawo kaina, fuskar ta koma yadda take. Ya ce abin da na rubuta bai yi masa zafi kamar abu ɗaya ba: shekara biyu ina ganin haka, kullum ina gaishe shi, amma sai wata mata a Funtua ta riga shi jin abin da ke raina. Na ba da haƙuri, da gaske kuwa na ba da shi. Amma na ce Baba, ta ina zan faɗa maka, ni da ko ɗaga kai ba na yi a gabanka? Ya ce haka ne kuma.

Sai ya ce wa babanku ya ba ni biro da takarda. Ya ce tunda a makarantar nan kowa yana faɗar abin da ya ji, shi ma yana da nasa, in rubuta. Na rubuta a kan gwiwata, yana faɗa a hankali, in na yi sauri ya ce in maimaita masa. Ya ce a gaya wa mai takardar bai yarda da kalmar jahilci ba, gara a kira shi da abin da ya yi. Ya ce mai takardar ya zo kasuwa ya tsaya da buhun wake mai huda daga safe zuwa azahar, ya ga mai ko taya masa. Ya ce in ana so su daina, a kawo buhunan nan da kaka, ba bayan an gama ɗinki ba, a kuma yi wa masu saye wa'azi su ma. A ƙarshe ya ce in rubuta: tambayar da yarinyar nan ta yi mini, ba ni da amsarta yau. Ya karɓa ya bi da yatsa har ƙasa, ya miƙo mini.

"Gobe ki kai wa malamar taku."

Na ce to, na tashi. Sai da na kai bakin rijiya kalmar gobe ta iso kaina. Gobe Asabar. Na zauna a kan turmi da takardar a hannu, ina dariya hawaye na zuba, Nana tana kallona kamar ba ta san ni ba.

Kar ku ɗauka a banza na sha. Inna ta yi kusan wata uku ba ta sake mini fuska ba, kare ni da ta yi ranar nan ba don ni ta yi ba, ita dai ba a ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ƙannen Alhaji suka sa mini 'yar jarida, in na shigo wuri sai a ce a yi shiru kar a fito a takarda, har yau wasu da shi suke kirana. Babanku ya yi sati yana amsa mini da ka. Maganar wake kuma, ba zan yi muku ƙarya don in yi wa kaina ado ba. Kakar da ta biyo baya ya aiki babanku Funtua ya sayo buhunan nan, ya zuba wani kashi a ciki, wani kashi kuma aka yi masa yadda aka saba. Yanzu masu ledar sun fi yawa a siton. Ko don maganata ce, ko don masu saye sun fara shinshina buhu, shi ya sani, ni ban tambaya ba.

Ranar Asabar ɗin na kai wa Malama Rifkatu takardu biyu, tawa ta mako da ta Alhaji. Ta karanta tasa a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta tambaye ni ko ya yarda a ji a aji, na ce ai shi ya aiko, amma kar a faɗi gari. Aka karanta, aka yi ta musu har lokaci ya ƙare, don ashe rabin ajin a gidajensu haka ake yi, kowa ta yi shiru ne. Ta rubuta a gefen takardarsa da jan biro cewa ta gode, ta kuma cire kalmar jahilci daga abin da za ta raba wa 'yan baya, amma tana jiran amsar tambayar.

Lahadi da safe na je gaisuwa na ajiye takardar a bakin buzu na ja da baya. Ya karanta jan rubutun da yatsa, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Maki nawa ta ba ni?"

Na ce Baba, ita ba ta ba da maki a wannan.

Ya ce wace irin makaranta ce wannan, mutum ya yi aiki a bar shi haka. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Na yunƙura zan tashi, don babanku ya riga ya tayar da babur a waje, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"In an ba ku ta wannan makon, ki kawo in gani."